Ɗinki iri ɗaya kullum ya gundure ni, ina mafita?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi da ke aiki a shagon ɗinkin kayan makaranta a Kano. Shekararsa ta uku ke nan a shagon, kuma aikinsa guda ne, haɗa wando. Wani ne yake yanka, wani yake wibin, wato ɗinke bakin yadi don kada ya warware, shi kuma a zube masa tuli ya yi ta haɗawa daga safe har magariba, yadi iri ɗaya, launi ɗaya. Ya ce da farko yana jin daɗin aikin, yanzu kuwa da ya hango keken sai jikinsa ya mutu. Ya fara makara, ya fara kuskure, waya ba ta barin hannunsa, ga shi yana jin nauyin yin ƙorafi tunda abokansa da yawa ba su da abin yi. Yana so ya sani ko lalaci ne ya kama shi, da kuma yadda zai dawo da ƙwarin gwiwarsa.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa sana'a albarka. Na daɗe ina riƙe da shagon ɗinki, yara da dama sun koya a hannuna sun kama gabansu, daga baya kuma na yi karatu a kan tsara aiki da kula da ma'aikata. Saboda haka abin da ka kawo ba baƙo ba ne a wurina.

Ka cire maganar lalaci daga ranka. Malalaci ba ya kai shekara uku a kan keke, kuma ba ya kwana da damuwa don ɗinkinsa ya fara karkacewa. Abin da ke damunka gundura ce, ita kuwa tana cikin halittar ɗan Adam. Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya ƙara masa yarda, ya kasance ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi. Wani ya roƙe shi ya riƙa yi kullum, sai ya ba shi amsa cewa ba ya son ya gundure su, kuma haka Manzon Allah (SAW) yake yi da su, yana zaɓar lokaci don gudun kada su ƙosa. Buhari da Muslim duk sun kawo wannan. Idan har an yi wa sahabbai wannan lura a kan wa'azi, to ba abin kunya ba ne kai ka ƙosa da haɗa wando, kuma faɗin hakan ba butulci ba ne ga Allah ko ga maigidanka.

Irin tsarin da kake ciki ma an daɗe da sanin abin da yake yi wa mutum. A 1913 Henry Ford ya kawo sabon tsari a masana'antarsa ta motoci da ke Highland Park a Amurka. Motar ce take tafiya a kan layi, kowane ma'aikaci yana tsaye wuri ɗaya yana ɗaura abu ɗaya yini guda. Lokacin haɗa gangar mota ya sauko daga kimanin awa 12 zuwa awa ɗaya da rabi. Riba ta samu, amma mutane suka riƙa gudu. A shekarar nan sai da kamfanin ya ɗauki mutum sama da 50,000 don ya cike gurabe kimanin 14,000, ana ɗauka ana ficewa. Sai a Janairun 1914, da Ford ya mayar da ladan yini dala 5, fiye da ninki biyu na abin da yake biya, ya kuma rage awoyin aiki daga 9 zuwa 8, sannan mutane suka zauna. Shagonku yana tafiya ne a kan wannan tsarin. Ban ga laifin maigidanka ba, domin babu yadda za a fitar da kayan ɗaruruwan ɗalibai kafin a koma makaranta in kowane tela zai fara nasa tun daga awo. Sai dai wanda ke zaune a kan keken shi ne yake shan wahalar tsarin, kuma shi ya kamata ya san yadda zai kare kansa.

Kafin dabaru, akwai abubuwan da ake ɗauka gundura ce alhali ba ita ba ce, ka fara da su. Yadi mai duhu da zare mai duhu a shago mai ƙarancin haske suna cin ido. In kana samun ciwon kai da la'asar, ko sa zare a allura ya fara yi maka wuya, je a duba idonka, ka kuma nemi ƙaramar fitila mai caji ka ɗaura saitin allura. Benci marar majingina yana kawo ciwon baya da mutum zai fassara da ƙin aiki. Wanda kuma yake kwanciya ƙarfe ɗayan dare babu aikin da zai yi masa daɗi da safe. Mafi muhimmanci, ka tambayi kanka ko a shago kawai abin yake. Idan hira da abokai da ƙwallo da abinci duk sun fita ranka, barci ya rikice, kana jin ba ka da wani amfani, har abin ya wuce mako biyu, wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma likita ya kamata ka gani, yana da magani. In kuwa da an tashi daga shago kake dawowa daidai, to aikin ne, mu ci gaba.

Yawancin masu ba da shawara za su ce ka ƙarfafa zuciyarka, ka tuna masu neman aiki ba su samu ba. Wannan yana riƙe mutum kwana biyu ko uku, daga nan ya koma gidan jiya, har da ƙarin jin laifi. Ni abin da na gani shi ne, gyaran yadda aikin yake zuwa gabanka ya fi sauƙi kuma ya fi ɗorewa, zuciya kuma takan biyo baya.

Fara da tulin nan. Na gani a shaguna da yawa, ana zube wa yaro yankakkun wanduna a kwali kusa da ƙafarsa, ya yi ta ɗauka, kafin tulin ya yi ƙasa an ƙaro wani. Ya yini yana taka keke amma idonsa bai taɓa ganin ƙasan kwalin ba. A ganina wannan ya fi maimaicin kansa kashe jiki, domin zuciya tana so ta ga ta gama wani abu. Dubi yadda malamanmu suka tsara karatun Alƙur'ani: izu sittin, kowane izu an raba shi rabi da rubu'i da sumuni, almajiri kuma yana da abin da zai rubuta a allo yau, in ya kiyaye ya wanke. Ba a taɓa ce wa yaro zauna ka yi ta karatu har ranar da ka sauke.

To kai ma ka yi wa aikinka iyaka. Da safe ka ƙirga dozin guda, ko rabin dozin in aikin mai yawa ne, ka ɗora a gefen keke, sauran ka tura su bayanka inda ba ka gani. Wanda ka gama kuwa ka rataye shi a igiya a gabanka, inda duk ɗaga kai za ka ga yana ƙaruwa. In kashin ya ƙare ka ja layi da alli a gefen tebur, ka miƙe tsaye, ka fita bakin ƙofa, ka kalli nesa, ka sha ruwa, minti uku ko biyar, sannan ka ƙirgo na gaba. Yininka ma a rabe yake tun asali: safe zuwa azahar, azahar zuwa la'asar, la'asar zuwa magariba. Ka ba kowane zango adadinsa. Amma kada ka yanko adadin daga buri. Ka yi kwana uku kana ƙirga abin da kake yi ba tare da ka canza komai ba, sannan ka ɗora kaɗan a kai. Wanda ya sa wa kansa abin da ba zai kai ba, kullum zai tashi a matsayin wanda ya gaza, wannan kuwa ya fi rashin lissafin muni.

Wannan miƙewar ta minti uku kada ka ɗauke ta wasa, ita ce maganin kuskuren da ka ce ka fara. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin saman Birtaniya sun lura masu kallon na'urar rada suna barin alamun jiragen ƙarƙashin ruwa na abokan gaba suna wuce su. Wani masani, Norman Mackworth, ya zaunar da mutane awa biyu suna kallon hannun agogo da ke tafiya taki ɗaya ɗaya, jefi-jefi ya yi tsalle biyu, aikinsu su kama tsallen. Sakamakon da ya fitar a 1948 ya nuna bayan rabin awa na farko lurarsu take raguwa ƙwarai, kuma ɗan hutu yana dawo da ita. Sojoji ne da rayuka ke hannunsu, duk da haka hankalinsu yana zamewa. Minti uku a bakin ƙofa ya fi minti ashirin kana farke ɗinkin da ka juya aljihunsa.

Sai batun da ya fi kowanne muhimmanci a wurina. Ka ce shekarar farko kana jin daɗi. Dalili shi ne lokacin aikin yana neman duk hankalinka, kana tsoron zif, kana tsoron ƙugu. Yanzu hannunka ya haddace, yana tafiya shi kaɗai, kanka kuma ya zama ba shi da aikin yi. Mutum yana gundura ne idan iyawarsa ta girmi abin da ake nema daga gare shi. Tunda maigida ba zai ƙara wa wandon wuya ba, kai za ka ƙara.

Ɗauki wandon da ka haɗa jiya ka juya cikinsa. Dubi bakin aljihu, inda hannun yaro zai yi ta shiga yana fita, ka koma da baya ka ƙarfafa ɗinkin wurin ko ka wuce abinka? Dubi ƙarƙashi, inda ɗinki huɗu suke haɗuwa, sun faɗa wuri ɗaya ko ɗaya ya zarce da rabin yatsa? Nan ne wandon ɗan firamare yake fara yagewa ranar da ya buɗe ƙafa zai buga ƙwallo. Shafa zif da tafin hannu, ya kwanta ko ya yi tudu? Ɗora ƙafafun biyu a kan juna ka ga ko kalmasarsu ta zo daidai. Ja ɗinkin gefe kaɗan ka ga ko zaren ƙasa da na sama sun riƙe juna ko ɗaya ya saki. Cikin waɗannan ka zaɓi ɗaya kawai a mako. Wannan makon na mahaɗar ƙarƙashi ne, burinka dozin guda ba tare da ko ɗaya ya kauce ba. Mako mai zuwa na zif. Wani makon ka ajiye agogo ka ga inda lokaci yake zubewa, za ka tarar yawancinsa ba a ɗinkin yake tafiya ba, a neman almakashi ne da juya yadi da yanke zare, sai ka fara gwada haɗa aljihunan dozin gaba ɗaya a jere ba tare da yanke zare tsakaninsu ba. Yaran da suka fi daɗewa suna jin daɗin aiki a hannuna su ne masu irin wannan bincike. Wando ɗaya suke ɗinkawa da kowa, amma kullum suna da abin da suke nema a cikinsa, kuma su ne suka fara samun masu kawo musu shadda da sunansu.

Iyayenmu ma ba su zauna sun zuba wa gundura ido ba. Ka taɓa tsayawa ka kalli mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude? Babu aikin da ya kai daka maimaici, taɓarya ta tashi ta sauka. Amma sai ka ga ɗaya ta cilla tata sama ta tafa ta cafe, ta biyun ta bugi gefen turmi, ta ukun ta shigo a tsakani, kafin ka ankara daka ya koma kiɗa, gero kuma ya daku. Mai niƙa a dutse tana da waƙarta. Ranar gayya ana kiran makaɗa su bi manoma kunya kunya suna zuga su, matasa suna tseren kai wa ƙarshen gona. Sauti da abokin aiki da 'yar gasa, da su aka yi noma da daka shekara da shekaru. Kai ma ka juya kekenka ya fuskanci wani in wuri ya ba da dama. Ku yi tsere a kan rabin dozin, na fatar baki, da sharaɗin duk wandon da aka samu abin farkewa a jikinsa ba ya cikin lissafi. Kunnenka kuma a sake yake, ka ba shi rediyo ko karatu ko labari mai tsawo da za ka riƙa ɗokin ci gabansa, ka kuma ware shi ya zama a kan keke kawai kake jin sa. Sai dai in za ka yi awo ko wani abu mai lissafi, kashe shi.

Waya kuwa ita ce ke ƙara maka ciwon da kake neman magani a wurinta. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Toronto, aka fitar a 2024, ya nuna masu tsallake bidiyo daga wannan zuwa wancan don gudun gundura sun fi gundura a kan waɗanda suka tsaya suka kalli ɗaya har ƙarshe. Ka yi minti goma idonka yana ganin sabon abu kowane daƙiƙa kaɗan, sannan ka dawo kan shuɗin yadi, dole ya yi maka nauyi fiye da yadda ka bar shi. In da ita kake sauraro, ka kunna ka jefa ta aljihun tebur, ka duba saƙo bayan sallah.

Akwai wani abu kuma da tsarin shagonku ya raba ka da shi, wato ganin mai sa kayan. Telan unguwa yana ganin ɗinkinsa a jikin mutum ranar Juma'a, kai kuwa naka yana fita a buhu. Wani masani a Amurka, Adam Grant, ya yi gwaji da ma'aikatan da ke buga waya suna nema wa wata jami'a gudummawa, aiki mai maimaici da yawan shan kunya. Ya haɗa wasu daga cikinsu da ɗalibi ɗaya da ke karatu da kuɗin da suke tarawa, suka yi hirar kimanin minti biyar. Bayan wata guda kuɗin da waɗannan suke tarawa ya haura ninki biyu, na sauran kuma bai canza ba. An buga wannan a 2007. Saboda haka ranar da za a kai kaya makaranta ka roƙa a tafi da kai, ko ka bi ta ƙofar makarantar da safe lokacin da yara ke shiga. Za ka gane ɗinkinka. Za ka kuma ga wanda ya yage da inda ya yage, ka dawo shago da abin gyarawa.

Kada ka kusanci ƙwaya. Dole in faɗi wannan domin na san abin da ke yawo a shaguna, musamman lokacin ɗinkin Sallah da gab da komawa makaranta, inda wani zai miƙo maka tramadol ya ce za ka kwana kana aiki ba ka ji ba. Gaskiya ne ba za ka ji ba na 'yan makonni. Daga nan sai ya zama ba ka iya taka keke sai da ita, ga ta tana jawo farfaɗiya ga wasu. Na ga teloli masu hannu sun lalace ta wannan hanya, kuma kusan dukkansu da neman ƙarfin aiki suka fara.

Ranakun da za ka tashi ba ka son ganin shagon za su ci gaba da zuwa, ko ka yi duk abin da na faɗa. A irin ranar kada ka jira sai sha'awar aiki ta zo, domin ta fi zuwa bayan an fara. Abin da nake koya wa yara shi ne su shirya safiya tun da yamma: a share keke, a sa masa mai, a sa zare, a ƙirga kashin farko, a ɗora wando ɗaya a ƙarƙashin allura. Da safe ka yi bisimilla ka ce uku kawai zan haɗa. Da wuya ka tsaya a ukun.

Yanzu maganar maigida, wadda nake ganin ita ce ainihin mafitarka. Masana biyu, Richard Hackman da Greg Oldham, sun nuna tun shekarun 1970 cewa aiki yana riƙe zuciyar mai yinsa idan yana amfani da gwaninta iri-iri, yana yin abu tun farkonsa har ƙarshensa, ya san amfaninsa ga wasu, yana da ta cewa a yadda zai yi shi, kuma yana ganin sakamako. Wasu daga cikin waɗannan za ka iya samar wa kanka da abin da na lissafa a sama, amma biyun farko suna hannun mai shago. Shekara uku a kan haɗi kaɗai ya isa, kuma tela da bai iya yanka ba bai gama koyon sana'a ba, kullum zai zauna yana jiran wani ya yanko masa.

Kada ka same shi da cewa ka gaji, zai ji kamar raini ne ko shirin tafiya. Kada kuma ka same shi a watan Agusta lokacin da aiki ya sha masa kai. Ka bari sai an kai kaya an biya shi, ka same shi shi kaɗai, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, “Maigida, ina so in ƙaru a hannunka. In na cika adadina na yini, a ba ni dama in tsaya wurin mai yanka ko da awa ɗaya ne, in riƙa riƙe masa tef.” Ka nuna masa ribarsa a ciki, ranar da mai yanka ya yi rashin lafiya ko ya yi tafiya aiki ba zai tsaya ba. Ka kawo shawarar ku riƙa musayar wuri da mai wibin ko mai haɗa riga rana ɗaya a mako. Layukan allin nan da kake ja a tebur su ne hujjarka, domin mai shago ya fi sauraron yaron da ya san adadin da yake fitarwa. Ka kuma sayi yadi mai araha a Kantin Kwari, ka yanka wa ƙanenka wando da kanka tun daga awo har guga, ka kawo masa ya duba ya yi maka gyara.

Masu shago da yawa za su amince. In ya ce ka dakata, ka ba shi wata shida kana tuna masa cikin ladabi, kana kuma zuba adashi da niyyar sayen kekenka. In wata shidan ta cika bai motsa ba, ka fara neman shagon da ake ɗinkin ɗaiɗaikun mutane, inda za a bar ka ka taɓa almakashi. Kada ka bar wannan sai ka samu wancan, kada ka tafi a tsakiyar kwangila, kuma ka sa wani babba daga gidanku ya raka ka ku yi masa sallama da godiya, domin a sana'ar nan shi za a fara tambaya game da kai duk inda ka je.